Jarumin Zuru da Yatsan Likita

 Mazan Zuru, kafin wani ya zaro sanda, ku sani da bakin jika nake magana, wasan jika da kaka kuwa ba a kai shi gaban alƙali. Zancen fitsari na kawo. Eh, fitsari. Kawu na ƙarshen benci, na ga ka gyara hula kana shirin miƙewa. In kewayawa za ka sake yi, to kai ma na zo nema.

Ƙasar nan ba ta taɓa rasa mazaje ba. Da wuya ka shiga bariki a Najeriya ka fito ba ka ji ana yaren C'lela ba. Nan ne gidan su Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya riƙe rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Janar Sani Sami, da Janar Tanko Ayuba. Wanda bai sa kaki ba ma ya yi golmo, ya share shekaru yana noma gonar surukai kafin a ba shi mata, ya kayar da sa'o'insa a kokawar Uhola. Amma faɗa wa irin wannan namijin cewa likita zai sa safar hannu ya duba shi ta baya da yatsa ɗaya, nan take wanda ya yi yaƙin Laberiya da Saliyo zai tuna ana jiransa a Dabai.

Abin da likitan ke son taɓawa sunansa furostet, kuma maza kaɗai aka ba. Yana zaune ƙarƙashin mafitsara, ya zagaye bututun da fitsari ke bi. A jikin saurayi bai fi ɗan goro ba, nauyinsa wajen giram 20, aikinsa samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Da shekaru suka tura sai ya fara girma yana matse bututun. Daga nan fitsarin da a da yake haƙa rami a ƙasa ya koma sai an roƙe shi. Ka tsuguna ka jira, ya zo siriri, ya tsaya, ya dawo, ka miƙe ka ɗaure wando sannan ya aiko da ragowar. Da dare ka yi ta sintiri tsakanin gado da bayi. Mai alwala ya rasa gane ko tsarkinsa na nan, mai zuwa coci ya koma zama kusa da ƙofa yana cewa iska yake so. Kusan rabin mazan da suka kai sittin suna da wannan kumburi, a cikin 'yan tamanin kuwa wanda ya tsira shi ne baƙo.

"Ai basir ne." Na san da wannan za ku fara, Baba. Bawan Allah basir, ban san laifin da bai ɗauka ba a ƙasar Hausa. Ciwon baya shi ne, kasala shi ne, in uwargida ta yi ƙorafi ma shi ne. Basir jijiyoyin dubura ne da suka kumbura, hanyarsa daban, ta fitsari daban. Maƙwabta ne, na yarda, amma ba a kama maƙwabci don ya yi katanga ɗaya da ɓarawo.

Wani kuma ya rage murya ya ce sanyi ne, ko alhakin ƙuruciya ne ya biyo shi. Akwai ƙamshin gaskiya kaɗan a nan, domin tsohon ciwon sanyi da ba a yi masa magani da kyau ba yana iya ƙuntata bututun fitsari. Ciwon suga ma yana sa yawan fitsarin dare, tsargiya kuma tana kawo jini a fitsari ga masu shiga rafi. Ka ga kenan alama ɗaya, masu laifi da yawa, sai an bincika. Shi dai kumburin furostet ba ruwansa da yawan mata ko ƙarancinsu, yana kama mai huɗu yana kama gwauro. Alhaji, daina kallon amarya, ba ita ta jawo maka ba.

Yanzu ga wurin da zan ɗan rage dariya. Kumburin tsufa ba kansa ba ne, kuma ba ya rikiɗa ya zama ita. Sai dai a gida ɗaya suke sauka, ita kuma kansar a farkonta ba ta yawan yin motsi. Mutum na iya ɗauke da ita shekaru yana fitsarinsa lafiya lau. Ita ce kansar da ta fi kama maza a Najeriya, kuma ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na 2020 ya ba mu sababbin masu ita sama da 15,000 a shekara guda. A Ingila an lissafa cewa namiji ɗaya cikin 8 zai same ta a rayuwarsa, amma a cikin baƙar fata ɗaya ne cikin 4. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta, nasa haɗarin ya ƙaru. Mu nan galibi sai ta shiga ƙashin baya, ƙugu ya riƙe, ƙafa ta fara sanyi, sannan a ɗauko dattijo a bayan mota. Kafin lokacin an sha jiƙon basir ya fi jarka.

"To ai na yi gwaji a kasuwa." Wane gwajin, Saje? Na akwatin nan da ake cewa daga China aka kawo shi, ka riƙe ƙarfe a hannu, kwamfuta ta zayyano maka cuta goma sha biyu, sannan a ce maganin dukansu na cikin but ɗin mota? Su can a Shanghai da Beijing, in dattijonsu ya kasa fitsari, jininsa ake ɗiba a kai ɗakin gwaji kamar kowa. Gwajin na gaskiya sunansa PSA, jini kaɗan ne daga hannu. Shi ma ba alƙali ba ne, yana iya hawa saboda kumburi ko ƙwayar cuta ba tare da kansa ba, shi ya sa ake haɗa shi da yatsan nan da kuke gudu, wani lokaci da hoto. Sai an tsinko ɗan nama an duba kafin a ce kansa ce. Likitoci da yawa suna ba baƙar fata shawara ya fara tuntuɓar zancen tun yana 45.

Yatsan kuma, tsakani da Allah, bai kai minti ɗaya ba. Furostet na jingine da bangon dubura, ta nan ne kaɗai hannu ke isa gare shi a ji ko yana da laushi ko ya yi tauri da ƙulli. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya tuɓe a layi ranar ɗaukar soja, likita na ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, yau shi ne mai kunya?

Kada ku ɗauka ku kaɗai ne. Janar Lloyd Austin, mai tauraro huɗu, yana ministan tsaron Amurka aka yi masa aikin kansar furostet a Disamban 2023, ya yi gum. Ciwo ya mayar da shi asibiti ranar 1 ga Janairun 2024, aka yi kwanaki fadar shugaban ƙasa ba ta san inda ministan tsaronta yake ba. Ƙarshe sai da ya fito gaban 'yan jarida ya ba da haƙuri. Da a Zuru aka haife shi da na ce halin gida ne. A wannan Janairun dai Sarki Charles na Ingila ya sa aka yi shela cewa zai shiga asibiti saboda kumburin furostet, rawaninsa kuma bai faɗi ba. Nelson Mandela ya yi jinyar kansar a 2001 ya kai 2013. Wole Soyinka da bakinsa ya faɗi tasa a 2014.

Saura tambayar da kowa ke riƙe da ita a ciki, ba mai son ya riga wani: "In aka taɓa wurin, ina labarin ɗaki?" Ba zan yi muku daɗin baki ba. Mafi yawan masu kumburi ƙwaya kawai ake ba su, irin su tamsulosin mai sassauta hanya da finasteride mai rage girman abin a hankali. In ta kai ga aiki, akwai wanda ake yi ta bututun fitsari ba tare da an tsaga ciki ba. Bayansa galibi ƙarfi na nan, sai dai maniyyi kan koma mafitsara, don haka mai neman ƙarin haihuwa ya faɗa tun kafin a fara. Maganin kansa shi ne kan taɓa ƙarfin sosai, musamman in an makara. Amma Kawu, wanda fitsari ya riƙe masa da tsakar dare, mara ta kumbura, yara suka kinkime shi aka je aka sa masa roba, ya dawo yana ɓoye leda a cikin babbar riga, wane ɗakin yake shiga? Fitsarin da ya daɗe yana taruwa kuma baya yake komawa ya lalata ƙoda. Af, har maganin mura na kemis yana iya ƙarasa toshe hanyar mai kumburi, a yi hattara da shi lokacin hunturu.

Batun kuɗi da nisa ban musa ba, daga Ribah ko Mahuta ko Dirin Daji tafiya ce. A fara da babban asibitin Zuru. In abin ya fi ƙarfin nan, akwai asibitin tarayya a Birnin Kebbi, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda likitocin mafitsara suke da sashe nasu na musamman. A lissafa kuɗin kwalaben da aka saya wurin mai tallar magani da lasifika daga bara zuwa bana, a gani ko bai biya kuɗin mota da na gwaji ba.

In kun ƙi ji kuma, iyayenmu mata zan koma wa. Su ne ke jin ƙarar ƙofa duk dare, su ne ke wankin wanduna, lissafin yana hannunsu. Inna, gobe in Baba ya ce zai leƙa gona, ki ce masa ke ma can za ki, ki hau bayan babur, in an zo ƙofar asibiti ki ce ya tsaya.