Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Katafila

Zuwa ga Hajiya Katafila, uwar ɗakin masu rusau, Abuja.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da tambayar lafiyar ƙarafunanki da ta direbanki. Bayan haka, ranki ya daɗe, na rubuto ne in yaba miki, domin a duk ma'aikatan da aka ɗora wa sha'anin gidaje a ƙasar nan, ke kaɗai ce ba ki san makara ba. Ba a taɓa jin an ce fayil ɗinki ya ɓata ba, ko kin shiga mitin, ko a dawo gobe. Yau a shafa jan fenti a bango, kafin mai gida ya gama neman wanda ya san wani, kin iso, 'yan sanda gaba da baya.

Sauran abokan aikinki kuwa sai a hankali. Shagari ya ɗauki alkawarin gida 2,000 a kowace jiha duk shekara. An gina wasu, har yau akwai unguwannin da ke amsa sunansa, amma da dama an kai su can bayan gari, ba ruwa ba hanya. A 1991 aka fito da manufar gidaje ta ƙasa, aka ce kafin shekarar 2000 kowa zai samu wurin sa haƙarƙarinsa. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ana yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci duk wata. Yankan dai ya ɗauko halinki, ba ya fashi. Mabuɗin gidan ne har yanzu bai iso hannun mafi yawan ma'aikatan ba.

Na san amsarki: ke 'yar aike ce, taswirar Abuja ce ta turo ki. To, mu ma mun san tarihinta. Murtala ne ya yi dokar sabon birnin a 1976, wani kamfanin Amurka ya miƙa taswirar a 1979, Kenzo Tange na Japan ya zana tsakiyar gari, Babangida ya tare ranar 12 ga Disamba, 1991. An ware wa fadar shugaban ƙasa wurinta, da majalisa, da kotun ƙoli, da masallaci, da coci, har itatuwa an ba su nasu filin. Idan ma taswirar ta tanadi ɗaki ga wanda zai kwaɓa simintin, masu aiwatar da ita ba su kai wannan shafin ba. Nyanya da aka kafa a matsayin masaukin wucin gadi na leburori da ƙananan ma'aikata, ga ta nan ta haifi jikoki.

Da kina fita da asuba, Hajiya, da na ce ki leƙo titin Kefi. Tun kafin a kira assalatu birkila ya rataya jakarsa a Masaka, mai shara ta ɗaura zane a Mararraba, masinja ya tsaya bakin titi da takalmin ofis a leda don kada ya sha taɓo. A cikin mota, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, a kutsa cikin gosulon Nyanya. Waɗannan duk a jihar Nasarawa suke kwana. Na ɗaya ɓangaren, 'yan Madalla da Suleja, a jihar Neja. Da rana birnin yana buƙatar hannuwansu, da magariba ba ya son ganin tabarmarsu. Ko jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2018 ya san hanyar filin jirgin sama, amma bai san ta Mararraba ba.

A daidai wannan lokacin, ki zaga Maitama da Asokoro ki ƙirga gidajen da ba a taɓa hura wuta a cikinsu ba. Ɗaki goma sha, falo uku, ba kowa sai mai gadi a ɗan akurkinsa na bakin get, yana kiwon kaji a inda aka tanada don motoci. A Disamban 2024 kotu ta mallaka wa gwamnati rukunin gidaje 753 a Lokogoma, waɗanda hukumar EFCC ta ce na wani tsohon babban jami'i ne. Mutum ɗaya fa. Ko kowane dare zai sauya gida, sai ya haura shekara biyu bai zagayo na farko ba.

Ba zan zalunce ki ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai masu kafa gini a kan magudanar ruwa, damina ta zo ta ci maƙwabtansu. Kuma a zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007, lokacin da tauraruwarki ta fi haskawa, kin taɓa katangar wasu manya, kowa ya shaida. Sai dai manya suna da wani gidan. 'Yan Idu da Karmo da kika ziyarta a 2006 ba su da shi, haka mutanen Maroko na Legas da kika share a 1990, aka wayi gari filinsu ya zama na masu hannu da shuni.

Ke kina juyawa da zarar ƙura ta lafa, shi ya sa ba ki ganin abin da ke biyo baya. Maigida zai tsuguna yana zare ƙusa daga kwano, yana miƙar da ita da dutse. Uwargida tana tono tukunya a ƙarƙashin ɓaraguzai, yara suna ware bulon da bai fashe ba. A ɗora ƙofa da taga da katifa a a-kori-kura, a nufi ƙauye na gaba. Kafin su isa labari ya riga su, ɗakin haya ya ninka kuɗi, mai gida yana neman na shekara biyu a dunƙule, dillali yana neman nasa. Wanda ya ɗan tara wani abu sai ya sayi awon igiya a hannun mai unguwa, ya kafa tubali, ya fara jiranki. Kin zama babbar dillaliyar filaye a Abuja, ga shi ko kamasho ba a ba ki.

Kada ki ce taurin kai ne. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, a Abuja kuma sai abin da minista ya sa wa hannu, kuma neman takardar mallaka aiki ne na mai dogon numfashi da dogon hannu. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne idon jami'ai: ba ya ganin ramin fandisho, ba ya ganin linta, sai an buga kwano an shiga. Masu wuta su kawo bil, masu haraji su yanka rasit, akwatin zaɓe ya zo duk bayan shekara huɗu. Kowa ya san da unguwar, ban da taswira.

Za ki ce ai ana gina sababbi. Gaskiya ne, a Fabrairun 2024 Tinubu ya aza harsashin gida 3,112 a Karsana. Amma mu ɗan yi lissafin 'yan firamare. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, wato 840,000 a shekara. Gida mai ɗaki ɗaya a rukunin masu rahusa na jihohi miliyan takwas zuwa tara ne, na Karsana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Shekara goma ke nan mutum bai ci ba, bai sha ba, bai hau mota ba, matarsa ba ta haihu ba.

Saboda haka ga roƙona, kuma bai fi ƙarfin haƙoranki ba: ki riƙa zuwa da wuri. Ki zo tun wurin yana daji. A yanka ƙananan filaye, ki share tituna, ki haƙa lambatu, a ja famfo, a bar filin makaranta da na kasuwa da na maƙabarta, a miƙa wa mutum takardarsa ba sai ya tsufa a layi ba. Ginin kuwa a bar mana. Bulo ɗari wannan watan, buhun siminti biyu wata mai zuwa, ɗaki ɗaya a shiga, in yaro ya girma a ƙara wani. Da haka aka gina rabin garuruwan ƙasar nan. Man da kike sha wajen rushe unguwa guda ya isa ki buɗe titunan wata.

Idan kuma an riga an rubuto sunan unguwarmu a takardarki, don Allah kada ki biyo ta bakin kasuwa. Kwalbatin wurin ya karye tun daminar bara, tifa ma ta kwana biyu a ciki, kuma ba mu da abin janyo ki. Ki zagayo ta bayan makarantar allo, a nan ƙasar ta fi tauri.

Naki mai biyayya,
Wani ɗan haya, ciki da falo, bayan gari.