Famfonmu Ya Yi Tari

A Herwagana famfo ba ya kawo ruwa sai ya yi sallama. Zai yi tari, ya yi gyaran murya, sai gida ya rikice: bokiti, baho, tukunya, har butar alwala. Wani lokacin tarin ne kawai. Ya gaishe mu, ya koma.

Yara sun karanto a makaranta cewa ruwan Gombe daga madatsar Dadin Kowa yake tasowa, can kan kogin Gongola, a tace shi, a turo shi kusan kilomita 40 cikin bututu. Kakarmu ba ta musa ba. Cewa ta yi baƙon da ya sha wannan tafiya dole ya tsaya gaishe-gaishe, kuma da alama danginsa na da yawa.

Ita amanarta tana wurin mai kura. Ba ta taɓa tambayarsa inda ya ɗebo ba, jarkarsa kuwa ta manta launinta na asali. Amma in ya ce "Hajiya, bayan la'asar," to bayan la'asar ɗin ne.

Ran da famfon ya kawo, sai ta ɗaga kofi tana leƙawa: "Wannan hasken nasa ya yi yawa. Me suka zuba?"