To Alhaji, Ina Ka Nufa da Buta?

Tun ban kai ko'ina ba na hango ka, Alhaji, ka tura hula ƙeya kana taɓe baki: "Yau kuma ga wata sabuwa, wai hanji ne ke sa mutum fargaba. Bashin da ke kaina a tumbi yake?" A'a, ranka ya daɗe, bashinka na nan a littafin mai shago, babu wanda ya ce hanji ne ya ciwo maka shi. Amma ranar da mai shagon ya yi sallama a ƙofar gida, ka tura yaro ya ce ba ka nan, ina ka nufa da buta har kana tuntuɓe? Me ka ci? Tuwon jiya ne dai da kowa ya ci a gidan, kai kaɗai ya ruɗa wa ciki. Haka 'yarka ta yi sintiri tsakanin ɗaki da banɗaki da asubar ranar jarrabawar JAMB, kuka ce ƙosan maƙwabta ne.

Tunda sai ka gani da ido kake yarda, akwai wanda ya gani a madadinka. A shekarar 1822, a tsibirin Makino na Amurka, bindiga ta tashi bisa kuskure ta huda cikin wani saurayi mai suna Alexis St. Martin. Likitan soja William Beaumont ya yi jinyarsa, ya tashi, amma ramin ya ƙi rufewa, har ana iya leƙa tumbinsa. Likitan nan da ƙarfin hali, sai ya riƙa ɗaure ɗan yankin nama da zare yana zura wa ta ramin, bayan awa ɗaya ko biyu ya zaro ya duba yadda ya narke. Ya lura duk ranar da ran saurayin ya ɓaci ko ya tsorata, fatar tumbin kan sauya launi, ruwan narkar da abinci ya ragu, naman ya daɗe bai narke ba. Ya buga wannan a littafi a 1833. Likitan ma ya riga mai ramin rasuwa da shekaru da dama, shi mai ramin bai rasu ba sai 1880.

Na ji ka, Malam ɗan boko, kai da ke can gefe da tabarau. Ka ce wannan ai kai ne ke taɓa ciki, ina hujjar cewa ciki na taɓa kai? Tambayarka ta fi ta Alhaji nauyi. A jikin bangon hanji akwai ƙwayoyin jijiya sama da miliyan 100, suna gudanar da aikin narkar da abinci ba tare da jiran umarni daga sama ba, abin da ya sa Michael Gershon na Jami'ar Kolambiya ya kira hanji ƙwaƙwalwa ta biyu a littafinsa na 1998. Sannan akwai wata doguwar jijiya, bagus, da ta sauko daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya da ƙirji zuwa ciki. Kusan kashi 80 cikin 100 na zarenta saƙo suke kaiwa sama. Wato ciki ya fi kai yawan magana, kan ne mai sauraro.

Za ka kuma ji masu talla suna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin serotonin a hanji ake yin sa, don haka ka sayi garinsu ka yi ta fara'a. Rabin farko gaskiya ne. Abin da ba sa faɗa shi ne na hanjin ba ya tsallakawa cikin ƙwaƙwalwa, aikinsa motsa hanji.

Sai maganar ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjin kowa, tiriliyoyi, har da ke Hajiya mai wanke hannu sau goma. A 2004, Nobuyuki Sudo da abokan aikinsa a Jami'ar Kiyushu ta Japan suka reni ɓeraye a wurin da ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga cikinsu ba. Da aka takura su, sinadaran firgici suka yi tashin da ya wuce na ɓerayen da ke da ƙwayoyinsu. Da aka sa wa marasa ƙwayoyin wata ƙwaya mai amfani tun suna ƙanana, abin ya daidaita. A 2011 masu bincike a Kok ta ƙasar Ailan suka ciyar da ɓeraye wata ƙwaya dangin masu tsinka madara, ɓerayen suka rage ɗari-ɗari. Da aka yanke musu jijiyar bagus, amfanin ya ɓace.

"Ɓera! Ni za ka kwatanta da ɓera?" Kwantar da hankalinka, Alhaji, a nan kam ka ci maki. Mutanen Kok ɗin nan sun gwada ƙwayar a kan maza masu lafiya, suka buga sakamako a 2017: ba ta rage musu komai ba. Don haka duk wanda ya ɗaga maka kwalbar kafso mai tsada ya rantse tana maganin fargaba, ya wuce inda masu binciken suka tsaya. Alaƙar ciki da ƙwaƙwalwa tana nan, likitoci na ganin ta kullum a wurin masu murɗar ciki da kumburi da gudawa ko taurin bayan gida da gwaji ba ya nuna komai, waɗanda sau da yawa ake samun damuwa tare da su. Maganin kwalba ɗaya ne dai babu.

Abin da zai ba ka haushi shi ne inda Turawan suka je neman hanji na gari. A 2010 masu bincike daga Italiya suka kwatanta bayan gidan yaran ƙauyen Bulpon a Burkina Faso da na yaran birnin Fulorans. Yaran ƙauyen gero suke ci da dawa da wake da ganye, abincin da kakarka ta rene ka da shi. Aka tarar cikinsu ya fi yawan ire-iren ƙwayoyi, har da masu narkar da dusa da harzar ganye waɗanda yaran Italiya ba su da su, kuma suna samar da sinadaran da ke ciyar da bangon hanji suna rage masa kumburi. Ba a auna fargabar yaran ba, kada ka ce na ce. Amma a Ostareliya, a 2017, Felice Jacka ta gwada gyaran abinci a kan mutum 67 masu ciwon baƙin ciki na tsawon mako 12: kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka koya wa cin hatsi da wake da ganye da kifi sun samu sauƙi sosai, a cikin waɗanda ba a koya wa ba kuwa kashi 8 cikin 100. Gwaji ne ƙarami, kuma yawancinsu ba su bar maganin asibiti ba.

Kai kuwa da ka waye, karin kumallonka farin burodi da shayi mai sukari cokali huɗu, rana taliyar leda, dare farar shinkafa da lemon kwalba. In an kawo kwaɗon zogale ka ce abincin mata ne, in an yi ɗanwake ka ce yana sa ka tusa. Yana sawa mana, ƙwayoyin ne ke cin rabonsu. Fara da kaɗan, a jiƙa waken a zubar da ruwan kafin a ɗora, bayan ɗan lokaci cikin zai saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Miyar kuka, rama, kuɓewa, dambu, gwaiba, goruba, duk suna bakin kasuwarku.

Kindirmo na ɗauke da ƙwayoyi masu rai, sai dai a tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara kan ɗauko tarin fuka na shanu da wasu zazzaɓi. Koko da daddawa kuma wuta ta riga ta kashe nasu ƙwayoyin, a ci don daɗi da amfaninsu na abinci.

Ɓarnar da ta fi kowacce kai kake yi da hannunka a kemis. Ciki ya ɗan yi ƙugi, sai "ba ni Flagyl da ja-da-yalo na ɗari biyu." Waɗannan ba sa tantance mugu da na kirki, share hanjin suke yi, kuma yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya farfaɗo. Ga kuma mai mota da lasifika, wanda jarka ɗaya tasa ke maganin basir da sanyi da dattin ciki da faɗuwar gaba. Ka sha ka kwana kana zawo, da safe ka ce datti ya fita. Ruwan jikinka ne ya fita, Alhaji.

Sannan a taɓa goro, ko da za mu ɓata. Goro da shayi mai kauri da kofi da lemon ƙara kuzari duk akwai sinadarin kafin a cikinsu, shi kuwa yana sa bugun zuciya da rawar hannu, yana hana barci, yana tsokanar tumbi. Mai fargaba da ke tauna goro bayan la'asar, sannan ya kwanta da waya a hannu har ƙarfe biyu, bai kamata ya zargi mutanen ɓoye ba. Gwada tafiyar minti talatin a ƙasa kullum, ka ci abincin dare da wuri, in gaba ya fara faɗuwa ka ja numfashi a hankali ka fitar da shi a tsawon da ya fi na shaƙa. Wannan yana taɓa jijiyar nan ta bagus, bugun zuciya ya sauka.

Hajiya, ke ma kada ki yi dariya, ke da kowane ciwo sunansa olsa. Gyambon ciki na gaskiya yawanci wata ƙwaya ce ke kawo shi, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano har aka ba su kyautar Nobel a 2005, ko kuma yawan shan magungunan ciwon jiki. Gwaji ake yi, a ba da magani, zogale ba ya kashe ta. Wanda ya ga jini ko baƙin bayan gida, ko amai da jini, ko yana ramewa ba dalili, asibiti zai nufa yau. Haka wanda fargaba ta hana shi barci da fita kasuwa, ko ta fara raya masa ya cutar da kansa: akwai likitocin wannan fanni a Dawanau da Barnawa da Kware da Maiduguri, kuma zuwa wurinsu ba shaidar hauka ba ce. In kin je, ki faɗi duka biyun, na cikin da na zuciyar. Kada ki ce "olsa ce kawai" ki ɓoye cewa sai an kira assalatu kike runtsawa, don likitan ba zai buga ƙasa ya gano ba.