Zuwa Ga Hajiya Iskar Damina

Tekun Atlantika, kudu da Ikko.

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kin sha hutu, ni manomi ne daga Sabuwa, kuma takin da na ci bashi na saya yana jingine a zaure yana jiran ki.

Mun san zaman gidan nan. Ke da Iskar Hunturu kishiyoyi ne, rana ce ke raba muku kwana. Ita 'yar hamada ce, busasshiya, daga arewa maso gabas. Ke kuwa daga kudu maso yamma kike tahowa da laimar teku a zanenki. Idan rana ta gasa Sahara, iskar can ta yi shakwaf ta tashi sama, sai gurbin da ta bari ya jawo ki. To Hajiya, rana ta fara aikinta tun Maris. Ke ce mai tsaye-tsaye a hanya. Ikko ta sha, Ibadan ta sha, Abuja ma ta samu, mu sai Mayu, shi ma in an yi sa'a.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne irin sallamarki. Sai ki kutso ta ƙarƙashin kishiyar taki, 'yar siririya, ruwan kuma kin baro shi can baya da tazarar ɗaruruwan kilomita. Mu kwana a tsakar gida sharkaf da gumi, gishiri ya yi danshi a gwangwani, gajimare ya taru da la'asar ya watse da magariba, ko ɗigo babu. Bara kin zubo mana guda ɗaya mai kyau, muka fita da sungumi har da yara, muka shuka masara. Kika ja da baya mako uku. Iri ya tsiro, ya leƙa, ya ƙone.

Sannan ga wata tambaya. Tunda daga kudu kike, me ya sa hadarinki ke tasowa daga gabas? Ɗana mai karatun labarin ƙasa ya ce wata iska ce can sama ke koro shi yamma. Ko ma wace ce, a gaya mata falle biyu na kwanon ɗakina har yau ban gan su ba.

A Agusta kikan kai har Agadas, wannan mun gode. Amma tsofaffinmu ba su manta 1973 da 1984 ba, shekarun da kika yi rowa, rumbuna suka kwana wayam.

Roƙona dai kaɗan ne. Bana in za ki zo, ki zo da kayanki gaba ɗaya, kuma ki daure ki kai Oktoba, dawa ta cika ido, kafin ki bar mu da waccan mai ƙurar Bodele ta Chadi. Ita ba sai an rubuta mata wasiƙa ba, man kaɗanya kawai muke tanada.

Naki mai jira,
Wani manomi, Sabuwa.