Ɓera a Garin Huhu

Ga ta nan, ga ta nan ku.

A garin Huhu, inda iska ke shige da fice dare da rana, aka yi wani Ɓera. Ɗan gari ne, haifaffen nan. Hayaƙin taba ya daɗe yana turnuƙe unguwarsu har ya juya masa kai: ya manta yadda ake daina haihuwa, ya manta yadda ake mutuwa.

Da ƙarfinsa kaɗai ba zai kai ko'ina ba, sai ya bi maƙwabta.

Ya fara da Gizo masaƙi, mai ɗinke bango in ya tsage. "Malam Gizo, rauni gare ni, agaza mini." Gizo ya hau saƙa. Kullum Ɓera sai ya sake aike, aiken da likitoci ke kira TGF-beta, Gizo kuwa bai ajiye zare ba har saƙar ta zama ganuwa.

Ungulu mai kwashe mushe ta sauko don ta cinye shi. Ya yi ta yi mata daɗin baki har ta koma uwar goyon 'ya'yansa.

Da gida ya cika, numfashi ya yi wuya, Ɓera ya ƙwala wa Kwaɗo kira, kiran VEGF. Kwaɗo ya haƙo magudanan jini zuwa ƙofarsa, karkatattu, masu yoyo, amma abinci ya iso.

Saura Kare, dogarin sarki, wanda hancinsa ba ya kuskure. A kunnen Kare akwai wani gurbi, PD-1, da Allah ya yi don kada ya ciji 'yan gari. Ɓera ya rataya laya, PD-L1. Kare na zuwa, ya goga masa ita a kunne. Kare ya yi hamma ya kwanta.

Abin da ke ci mini rai, babu mugu cikin maƙwabtan nan. Kowa aikinsa na gado ya yi.

Can a Kiyoto ta Japan, Malam Tasuku Honjo ya gano gurbin nan na PD-1 a 1992. A 2015 Amurka ta amince da maganin nivolumab ga masu sankarar huhu, wato Ɓeran labarin nan, maganin da ke toshe gurbin, laya ta rasa wurin taɓawa.

A wasu garuruwan Kare ya farka, ya bi ɓeraye rami-rami. A wasu kuwa ya farka ya tarar da ganuwar Gizo. Yana nan yana kewaya ta yana haushi, Gizo na ciki yana saƙa.

Ƙurunƙus!