Kowa da Jerensa

Kwamfutar tebur uku ce a ofishinmu, mu kuwa mun fi goma. Wannan cunkoso ya sa na san wasu halayen abokan aikina da ko iyalansu ba su sani ba, kuma duk a wuri ɗaya na gano su: jerin manhajojin nan da ke buɗewa idan an danna Start. Tun da maɓallin ya fito tare da Windows 95 a watan Agustan 1995 ya samu kusurwar hagu ta ƙasa ya zauna kamar dattijon zaure. Mai shiga ta gabansa zai bi, mai fita ma haka, don ko kashe kwamfutar za ka yi sai ka fara gaishe shi. Abin bai taka kara ya karya ba. Amma ka ba ɗan Adam ikon jera shi yadda ransa ke so, sannan ka ja kujera ka sha kallo.

Akwai Malam Bar-shi-haka. Yadda kwamfuta ta fito daga kwali, haka za ta tsufa a hannunsa. Wasan Candy Crush da ya zo maƙale da Windows 10 yana nan a gaba-gaba, bai taɓa buɗe shi ba, bai kuma taɓa tunanin korarsa ba. Kowace safiya sai ya gangara daga harafin A har zuwa W kafin ya isa Word, kamar mai zuwa Zariya ta Sakkwato. Ka nuna masa yadda ake maƙala shi a sama, ya yi godiya sosai, gobe ya sake kama hanyar Sakkwato.

Maƙwabcinsa shi ne Mai Shanya. Shi ba ruwansa da jeri, komai a fuskar allo yake baza shi kamar an shanya barkono a kan rufi. Ya sa hoton ɗansa a baya, amma shekara biyu ke nan kunne ɗaya kawai muke gani.

To, sai gwanina, Malam Tsari. Allah ya jarabce ni da zama kusa da shi tun zamanin Windows 7, kuma da za a raba mu yau sai na yi kewarsa. Ranar da ya gano cewa jerin nan ba wani sihiri ba ne, folda ce kawai cike da gajerun hanyoyi, ɗaya ta mai asusu, ɗaya kuma ta kowa da kowa a can cikin ProgramData, ranar aikin ofis ya rasa ma'aikaci. Ya buɗe folda ya sa mata suna Aiki. A cikinta Rubutu. A cikin Rubutu akwai Na Kullum da Na Jefi-jefi. A cikin Na Kullum ne, bayan ƙofa uku, Word ke zaune kamar amaryar da ba a sayi bakinta ba. Ba ma Word yake kiransa ba. Da ya lura kwamfuta bin haruffa take yi wajen jerawa, ba bin daraja ba, sai ya raɗa wa kowa sabon suna da lamba a gaba: 01 Wasiƙa da Rahoto, 02 Lissafin Kuɗi, har zuwa 27. Idan ya ɗora sabuwar manhaja da ta cancanci zama tsakanin 03 da 04, to ranar babu cin abincin rana, don sai ya sauya lambar duk na ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Shari'ar da ta fi ba shi wahala ita ce ta VLC. Tana kunna sauti, tana kunna bidiyo, to gidan wa za a kai ta? Mako guda yana juya maganar. Ya sa ta a Sauti, barci ya ƙi zuwa. Ya mayar da ita Bidiyo, ya ji ya zalunci karatun da yake saurare da ita. Ya sa ta a duka biyun, ya ga almubazzaranci ne. A ƙarshe ya ƙirƙiro folda mai suna Masu Fuska Biyu, ya tura ta ciki tare da CorelDraw, wadda ita ma aka rasa ko ta Zane ce ko ta Bugu. Ya juyo ya dube ni da murmushin alƙalin da ya raba gadon da ya gagari magabata. A daidai lokacin ne masinja ya leƙo ya ce Oga na tambayar takardar da ya ce a buga tun ƙarfe tara.

"Ka ce wa Yallaɓai yanzun nan," in ji Malam Tsari. "Ai amfanin tsari ke nan, komai cikin sauri."

Sannan ya manta ko a Na Kullum ya ajiye abin buɗe takardar ko a Na Jefi-jefi.

Zamani bai bar shi ya huta ba. Windows 10 ta iso a 2015, jerinta ba ya nuna folda cikin folda, hawa ɗaya kawai ya yarda da shi, duk benen da malam ya gina ya dawo ƙasa. Ya yi kwana biyu ba walwala, sai ya gano tayal ɗin nan masu girma huɗu, ƙarami da matsakaici da mai faɗi da babba. Nan fa ya samu abin yi. Duk wanda ya taɓa ganin mata suna jere a ɗakin amarya, kwalla a ƙasa, samira a kai, langa a sama, a ja da baya a duba, a dawo a gyara, to ya ga Malam Tsari da tayal. Launi ma sai ya dace: shuɗi kusa da shuɗi, kore ba ya zama gefen ja. Da Windows 11 ta zo a 2021 ta share tayal ɗin baki ɗaya ta kuma kai maɓallin tsakiya, sai da muka bi layi muna yi masa jaje. Shekarar da ta biyo baya aka dawo da ikon haɗa manhajoji a folda, ya saya mana tsire.

Baba Ɗan Jiya kuwa makokinsa ya girmi wannan. Shi har gobe koren maɓallin Windows XP na 2001 yake so, kuma yana ambaton 2012, shekarar da Windows 8 ta fito ba maɓallin kwata-kwata, kamar yadda tsofaffi ke ambaton shekarar fari. Duk kwamfutar da aka ba shi, kafin ya sa suna sai ya ɗora mata Classic Shell. Da mai manhajar ya ajiye aikin a ƙarshen 2017, Baba ya bi magajiyarta Open-Shell ko waiwaye babu. Sabuwar na'ura fil, amma in ka leƙa sai ka rantse a kafen intanet na zamanin da kake. Ka yi magana ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Ban taɓa jin ya faɗi ciwon ba.

Ɗan Gaggawa yana raina su duka. Tun da Windows Vista ta kawo akwatin bincike a 2007 ya saki linzami: ya danna maɓallin Windows a kibod, haruffa uku, Enter, ya wuce. Yakan yi haka da ƙarfi don a ji. Ranar da yatsa ya zame ya rubuta abin da babu, kwamfuta ta kwashe shi sai intanet, yakan yi tari ya rufe da sauri yana duba ko mun gani. Muna gani.

Ɗan Linux kar ka tambaye shi komai. Ka ce ina firinta, zai gaya maka cewa a KDE mutum na iya sauya jerin gaba ɗaya, kuma kowace alama ɗan fayil ne na rubutu da za ka buɗe ka gyara da hannunka. Firinta dai ba a same ta ba. Mai Mac yakan wuce mu yana kaɗa kai, wai shi Dock ya ishe shi, kamar wanda ya dawo daga Turai ya tarar ana rigimar rijiya.

Akwai kuma wasu 'yan biyu da nake ƙauna. Na farko yana goge alama daga jeri ya ɗauka ya cire manhajar, sannan ya yi ta mamakin yadda ma'ajiya ta ƙi raguwa. Na biyu ya kwafi alamar CorelDraw a filash, ɗan abin da bai wuce kilobayit biyu ba, ya tafi gida yana murna ya samu manhaja kyauta. Washegari ya dawo yana cewa filash ɗinsa ta kamu da bairos. Lambar gida ya ɓalle daga jikin ƙofa ya sa a aljihu, gidan yana nan inda ya bar shi.

Duk waɗannan kiwon da ya karɓe su suke yi, kuma a garkensu. Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai shiga sharo ba shanu.

Muna da wata Hajiya mai buga takardu, ta fara aiki tun ana amfani da tafireta, ritaya ta kusa. Idonta ya yi rauni, ba karanta sunayen take yi ba. Hannunta ne ya haddace: danna nan, na biyu daga sama, mai shuɗi, shi ne wurin aikinta. Da wannan take fitar da takardu masu tsabta fiye da na kowa a ginin. Wani matashi daga wani sashe ya ari kujerarta na minti goma don ya buga takarda ɗaya. Ya ga jerinta bai yi masa ba. Ya cire abin da ta maƙala, ya sa nasa, ya ƙanƙanta alamomin, ya shiga foldar kowa da kowa ya goge abin da ya kira tarkace, wanda ya shafi duk mai asusu a kwamfutar. Ko gaya mata bai yi ba.

Tun safe har azahar Hajiya na zaune gaban allo. Ba ta kira kowa ba, don ta ɗauka ita ce ta taɓa wani abu ta lalata kayan ofis, tana lissafin abin da za a yanka a albashinta. Matar da ta koya wa rabinmu yadda ake tsara wasiƙa! Da aka nemo shi, ko kunya babu, cewa ya yi, "Hajiya, ai taimakonki na yi, zamani ya wuce wannan." Wa ya aike ka? Da ɗakinta ka shiga ka juya mata gado ka kwashe kwanoni, ai da ba ka kira shi taimako ba. Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba, kuma ban janye ko ɗaya ba.

Ni na mayar mata da komai, kuma ban sha wahala ba, don ina da hoton jerin kowace kwamfuta a ofishin. Kawai saboda tsaro nake ɗauka, duk farkon wata, ina ajiyewa a wata 'yar folda da ke cikin Ajiya, a cikin Ofis, lamba 04. Minti biyar na gama.

Ta matso da tabarau, ta kai hannu, na biyu daga sama, ya buɗe.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana."

"Amin, Hajiya."

Ban tashi nan da nan ba. Excel na ƙasan Word, alhali E ta riga W, kuma tsakanin na huɗu da na biyar akwai wani gurbi da aka bari fanko ba dalili. Linzamin yana nan kusa da hannuna. Hajiya ta dube ni, ta dubi hannun, ta jawo linzamin a hankali zuwa gefenta.