Fiƙihun Kujeru a Ƙasar Indiya

Malamanmu na da, Allah Ya ji ƙansu, sun kasa ilmi kashi-kashi, suka ce ga nahawu, ga lugga, ga hisabi, ga manɗiƙi, ga sanin taurari, har suka zaci sun ƙure iyakar abin da ɗan Adam zai wahalar da hankalinsa a kai. Amma da Allah Ya ja zamaninsu suka leƙa ƙasar Indiya ta yau, da sun tarar da wani fanni wanda bai shiga lissafinsu ba, wanda samari da 'yan mata dubun dubata suke raya dare a kansa, suna ramewa, suna sayen littattafansa da kuɗin abincinsu. Fannin nan shi ne sanin yadda za a zaunar da mutum takwas kewaye da teburi, mutanen da ba a haife su ba, ba kuma za a haife su ba, waɗanda ko raɗin suna ba a yi musu ba, sai dai a kira su da haruffa daga A zuwa H.

Asalin wannan jarraba kuwa ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 1969 gwamnatin Indira Gandhi ta mayar da manyan bankuna 14 mallakar hukuma, a 1980 aka ƙara da wasu 6, sai aikin banki ya zama aikin gwamnati, mai albashi a kan kari, da rancen gina gida mai rangwame, da kujerar da ba a raba mutum da ita sai da babban dalili. Tun da yake ƙasar ta tara jama'a fiye da biliyan ɗaya, kuma kowace uwa tana ganin ɗanta ne ya fi cancanta, sai ya zama tilas a nemi hanyar rage masu nema ba tare da an ce an yi zalunci ba. Wata hukuma da ke birnin Mumbai, wadda ake kira IBPS, ita ce tun daga 2011 take shirya wa yawancin bankunan gwamnati jarrabawa guda, shi kuwa State Bank of India, da yake shi ne babban yaya, yana kiran tasa daban. Hawa uku ne ga mai neman zama jami'i: jarrabawar share fage, da babbar jarrabawa, sa'an nan ganawa da dattijan da za su dube shi ido da ido.

Bisa tsarin da aka daɗe ana bi, hawan farko tambaya 100 ne a cikin sa'a guda, a gaban kwamfuta. 35 daga ciki na gwada kaifin hankali ne, an yanka musu minti 20, watau kowace tambaya ba ta samu ko daƙiƙa 35 cikakku ba, kuma wanda ya yi kuskure a zaftare masa rubu'in maki, domin kada wani ya dogara ga sa'a. To, a cikin talatin da biyar ɗin nan, kaso mafi tsoka na masu zaman teburi ne da danginsu.

Ga yadda mas'alar take zuwa. A ce maka mutum takwas suna zaune a da'ira, wasu suna fuskantar tsakiya, wasu sun juya mata baya. B shi ne na uku daga hagun D. D ba ya maƙwabtaka da F. Mutum biyu ne tsakanin C da mai son launin kore. Wanda aka haifa a watan Maris yana daura da surukin A, shi kuwa surukin A ba ya cin ayaba. Daga nan sai a tambaye ka, cikin natsuwa kamar an tambayi abin kirki, wane ne na biyu daga daman mai son mangwaro. Sirrin da ɗalibi yake fara haddacewa shi ne cewa hagun mai fuskantar tsakiya yana bin tafiyar hannun agogo, alhali hagun wanda ya ba da baya yana saɓa mata. Wanda ya manta da wannan ƙa'ida sau ɗaya tak, ya gina dukan bayaninsa a kan ɓata, tambaya biyar su tafi tare, har da rubu'in kowace. Saboda haka za ka ga bawan Allah ya zana da'ira biyu ko uku a takarda, kowace da nata wajahin, yana soke su ɗaya bayan ɗaya yayin da sharaɗi ya karya su, daidai yadda malamin gado yake fitar da wanda aka shamakance daga cikin magada.

Fannin kuma ya yi rassa har ya zama mazhabobi. Akwai masu zama a sahu ɗaya suna duban arewa. Akwai sahu biyu masu kallon juna. Akwai teburi mai kusurwa huɗu, inda na kan kusurwa suke duban ciki, na tsakiya suna duban waje. Akwai bene mai hawa takwas wanda kowa yake zaune a hawansa shi kaɗai, ba mata ba 'ya'ya. Har da akwatuna da aka jibga wani bisa wani. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a duk tsawon shekarun nan ba a ji ɗalibin da ya ɗaga hannu ya tambayi laifin da aka yi wa H har ya zo walima ya juya wa akushi baya ba, ko kuwa dalilin da ya hana a je a yi wa A sallama a tambaye shi inda ya zauna, tun da yake ba kurma ba ne.

Masu kare wannan ilmi suna da hujja, kuma adalci ne a faɗe ta. Sun ce ba teburin ake nufi ba. Ana so ne a ga wanda zai riƙe sharuɗɗa goma a ƙwaƙwalwarsa lokaci guda, agogo yana binsa, bai ruɗe ba, domin haka aikin lissafin dukiyar mutane yake. Na yarda. Sai dai manyan malaman fannin, waɗanda suka cika unguwar Mukherjee Nagar a Delhi, da birnin Patna, da garin Nandyal a jihar Andhra Pradesh, da kuma YouTube, kusan sun yi ijma'i a kan nasiha ɗaya, cewa babbar hikima a ɗakin jarrabawa ita ce ka gane mas'ala mai wuya da kallo ɗaya, ka tsallake ta, ka nemi mai sauƙi. Ashe ke nan ana shafe shekaru ana tace mutane, ana zaɓo waɗanda suka fi kowa gwanintar sanin matsalar da ya kamata a guje mata. Sa'an nan idan tsoho ya zo da rikitacciyar takardar fanshonsa aka dube ta sau ɗaya aka ce ya dawo gobe, sai a ce ma'aikaci ya yi ha'inci, alhali kuwa karatunsa ya biya, bai rage ko wasali ba.

Ba kuma don son banki kaɗai ake wannan mujahada ba. Jami'i ba ya wuce shekara 30 a lokacin nema, in ban da waɗanda doka ta yi wa sassauci, don haka kowace shekarar da ta wuce tana tafiya da rabonta. Ga kuma shafukan neman aure na jaridun Lahadi, inda iyaye suke tallar 'ya'yansu da faɗin aiki da asali, kuma mai aikin bankin gwamnati darajarsa ta dabam ce. Yaron da jiya maƙwabta suke tsallaka titi don kada ya gaishe su, ran da sunansa ya fito sai a tuna cewa tun yana goye aka ga alamar albarka a goshinsa.

Mu ƙaddara yanzu an wayi gari ana bikin ƙanwar wani daga cikin waɗannan almajirai, wanda ya sauke littafin shirin jarrabawa na R. S. Aggarwal har ya maimaita, mahaifinsa kuwa, don ya ga amfanin kuɗin da ya zuba, ya danƙa masa zaunar da baƙi. Sai ya zaro takarda da alƙalami ya ce, “Inna, faɗa mini sharuɗɗan.” Ta ce, “Ɗan nan, goggonka ba ta zama kusa da matar kawunka tun rigimar sarƙar zinariya. Kawun kuma ba ya zama nesa da matarsa, don tsoro. Dangin ango su ne a gaba ko da sun fi kujerun yawa. Mijin yayarka kuwa duk inda ka sa shi zai yi fushi, saboda haka ka sa shi inda za a ga fushin.” Ya zana da'ira ta farko ta karye, ta biyu ta karye, ya ɗago kai ya ce, “Inna, wannan mas'ala ba ta da amsa.” Ta karɓe takardar ta kunna murhu da ita, ta zaunar da mutum ɗari uku kafin shayi ya tafasa, ba tare da ta san hannun agogo ba, domin ita ta san abin da littafi ya ɓoye masa, cewa A da B na takarda ba su da girman kai, ba su bin juna bashi, ba kuma wanda ya taɓa hana wani auren 'yarsa.

Kada mai karatu ya yi dariya har ya manta da gida, gama mu ma muna da namu babin a wannan fiƙihu, sai dai ba mu rubuta shi ba. A fada kowane basarake ya san gurbinsa tun kaka da kakanni, ba gardama. Amma je ka taron ƙaddamar da littafi ko walimar zamani, ka ga yadda mai gabatarwa yake gumi da lasifika a hannu, yana kiran babban baƙo, da baƙo na musamman, da uban taro, da uwar taro, da babban mai masauki, da wakilin wanda bai zo ba, yana tayar da malamin da ya iso tun hantsi domin a zaunar da attajirin da ya iso bayan la'asar.

Saboda haka ina ba hukumar da ke Mumbai shawara, kyauta, fi sabilillahi, ta ƙara tambaya ɗaya a jarrabawar baɗi. Kujeru shida ne a babban teburi, manyan baƙi goma sha ɗaya; uku daga cikinsu ba sa ga maciji da juna, biyu kowannensu ya rantse shi ne shugaban taro, ɗaya ya zo da 'yan rakiya arba'in, wanda ya biya kuɗin zauren kuwa har yanzu yana hanya. A zaunar da su duka cikin daƙiƙa 35, kada wani ya fita da fushi. Duk ɗalibin da ya warware wannan, kada a ɓata shi a bayan kanta yana ƙirga kuɗin mutane. A ba shi ministan harkokin waje nan take.